Yadda Ake Zaɓen Waya Mai Sauƙin Kuɗi Don Sauraron Kiɗa

Idan ka juya kwalin waya, abin da za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe shi ne ƙarfin kamara, faɗin allo da yawan RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke sa sautin waya ya yi daɗi. Abubuwan da mai jin kiɗa yake buƙata sukan ɓuya can ƙasan takardar bayani, wasu ma ba a rubuta su sam, sai ka riƙi wayar a hannu ka gwada. Ramin iyafis ne, da gurbin katin memori, da batir, da kuma tsarin wayar da ba zai riƙa katse maka waƙa ba da zarar allo ya mutu. A yau wayoyi masu araha ne suka fi riƙe waɗannan abubuwa. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, da yawansu suka watsar da gurbin memori ma, yayin da ƙananan wayoyin Tecno, Itel, Infinix, Redmi da na ƙasa-ƙasa a jerin Samsung Galaxy A suka ci gaba da zuwa da su. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi bai yi asara ba a wannan fanni, in dai ya san inda zai duba.

Mai madannai ko ta Android

Wannan ce shawarar farko. Ƙaramar waya mai madannai tana da nata amfanin: caji ɗaya yakan kai kwanaki, ba ta da nauyi a aljihu, kuma ana iya sauya waƙa da yatsa ba tare da an kalle ta ba. Nokia 5310 da aka sake fitarwa a 2020 an yi ta ne musamman don wannan aiki, da madannan kiɗa a gefenta da lasifika biyu a gaba. Amma kada ka ɗauka kowace ƙaramar waya tana kunna MP3. Akwai waɗanda rediyo kawai suke da shi, babu gurbin memori. Waɗanda suke da shi kuma yawanci iyakarsu kati mai gigabait 32, ba sa karanta fayilolin FLAC, wato manyan fayilolin waƙa da ba a rage wa sautinsu komai ba, kuma idan waƙoƙi suka kai dubbai, neman guda ɗaya a cikinsu wahala ce, domin sai ka yi ta danna ƙasa har yatsa ya gaji. Ta dace da wanda waƙoƙinsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba kuma ya fi damuwa da daɗewar caji. Duk wanda yake son tsara waƙoƙi bisa mawaƙi da kundi, ko yake sauraro ta intanet, Android ce tasa.

Ramin iyafis da abin da ke bayansa

Ramin da ake magana shi ne zagayayyen nan mai faɗin milimita 3.5. Ka gan shi da idonka a jikin wayar, kada ka dogara da maganar mai sayarwa ko hoton talla, domin waya biyu masu suna kusan iri ɗaya sukan bambanta a nan. Amfaninsa ya wuce sauƙi kawai. Iyafis mai igiya ba ya buƙatar caji, ba ya jinkirta sauti, kuma a kuɗi ɗaya ya fi na Bluetooth kyawun sauti nesa ba kusa ba, tunda duk kuɗin ya tafi ne kan abin da ke fitar da sautin, ba kan batir da na'urar sadarwa ba. Haka kuma a mafi yawan wayoyi igiyar iyafis ita ce eriyar rediyon FM, in babu ita rediyon ba zai buɗe ba.

A bayan ramin akwai ɗan guntu mai mayar da fayil zuwa sauti, wanda ake kira DAC, tare da ƙaramin mai ƙara ƙarfi. A wayoyi masu araha ƙarfin nan kaɗan ne. Ya ishi iyafis mai ohm 16 zuwa 32, wanda shi ne mafi yawan abin da ke kasuwa (ohm ma'aunin turjiyar iyafis ne ga wutar lantarki). Idan ka jona babban hedifon mai ohm 250, za ka ƙure ƙara amma sautin ya fito siriri ba nauyi, kuma ba lalacewa wayar ta yi ba, ƙarfinta ne bai kai ba. Adadin ohm yana rubuce a bayan kwalin iyafis, ka duba kafin ka saya.

Akwai wata matsala da ke ruɗa mutane ƙwarai. Ka jona iyafis, kiɗa yana fita amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, sai ka danne madannin da ke jikin igiyar, sautin ya dawo daidai. Dalilin shi ne kan iyafis mai makirufo, wato mai zobe uku, tsarinsa iri biyu ne: CTIA da OMTP. An musanya wurin makirufo da na layin ƙasa a tsakaninsu. Kusan duk wayoyin zamani CTIA suke bi, tsofaffin iyafis na wasu wayoyin da kuwa OMTP ne. Maganin shi ne sauya iyafis, ko amfani da wanda ba shi da makirufo, mai zobe biyu, wanda yake aiki a ko'ina.

Idan wayar da ta kwanta maka ba ta da ramin, ana iya jona iyafis ta kafar caji ta USB-C da ɗan gajeren mahaɗi. Sai dai mahaɗin iri biyu ne. Akwai wanda igiya ce zalla, yana jiran wayar ta turo masa sauti a shirye, kuma wayoyi da yawa ba sa yin haka, sai ka ji shiru ko wayar ta ce ba ta gane na'urar ba. Akwai kuma mai DAC a cikinsa, wanda yake aiki da kusan kowace waya mai karɓar na'ura ta USB. Na biyun za ka saya. Aibinsa shi ne ya tare kafar caji, kuma yawan motsi a aljihu yana sassauta kafar da sannu.

Wurin ajiya: nan ne aka fi yin kuskure

Fara da lissafi. Waƙar MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 1 a minti ɗaya. Mai kilobit 320, wadda ita ce ƙololuwar MP3, tana cin megabait 2.4 a minti. Ke nan waƙar minti huɗu za ta kai kimanin megabait 4 a ta farko, kusan 10 a ta biyu. FLAC, wanda ba a rage masa komai ba, yakan kai megabait 25 ko fiye a wannan tsawon. Kati mai gigabait 32 zai ɗauki waƙoƙi kusan 8,000 na 128, fiye da 3,000 na 320, ko kimanin 1,200 na FLAC. Ga mafi yawan mutane wannan ya wadatar har ya yi saura.

A ganina, tara FLAC a waya mai araha da iyafis na yau da kullum ɓarnar wuri ce. Tsakanin 128 da 256 kunne yana jin bambanci sosai, musamman a sautuka masu kaifi da ke fita kamar ana watsa ruwa idan an matse fayil da yawa. Daga 256 zuwa sama kuwa, sai da kayan sauraro masu kyau da ɗaki shiru kafin a ji wani abu. Ka nemi 256 ko 320 ka tsaya nan. Ka kuma sani cewa juya fayil na 128 zuwa 320 ba ya ƙara masa kyau ko kaɗan, girmansa kawai yake ƙarawa, domin abin da aka yanke tun farko ba ya dawowa.

Ma'ajiyar cikin waya ba ta kai abin da aka rubuta ba. A waya mai gigabait 64, tsarin Android da manhajojin da suka zo da ita sukan cinye fiye da goma tun ba ka saka komai ba, sannan hotuna da bidiyon WhatsApp su bi sauran. Shi ya sa kiɗa yake buƙatar gidansa daban, wato katin microSD. Ka zaro tiren layi ka ƙirga gurabensa. Idan uku ne, layi biyu da kati ɗaya, madalla. Idan biyu ne kuma na biyun an yi shi don ya karɓi ko layi ko kati, to dole ka zaɓi ɗaya, kuma mai layi biyu zai ga ya sayi wayar da ba ta da memori a zahiri.

Katin kansa yana da rukuni. Mai gigabait 32 zuwa ƙasa microSDHC ne, yana zuwa da tsarin FAT32. Mai 64 zuwa sama microSDXC ne, da tsarin exFAT, wanda ƙananan wayoyi masu madannai da wasu tsofaffin Android ba sa karantawa. Idan ka saka babban kati wayar ta ce ya lalace alhali sabo ne, sau da yawa wannan ne dalili. Batun sauri ba abin damuwa ba ne, kiɗa ba ya buƙatar kati mai gudu, duk wanda ke da lamba 10 a cikin da'ira ya isa.

Abin tsoro shi ne katin jabu. Ana ɗaukar kati mai gigabait 8, a sauya bayanin da yake ba waya har ya riƙa cewa shi 128 ne. Da farko komai lafiya. Ranar da ka wuce ainihin girmansa sai sababbin fayiloli su hau kan tsofaffi ko su ɓace, ka ga sunan waƙa yana nan amma ta ƙi kunnuwa. Wayar ba za ta iya gane wannan da kanta ba, domin abin da katin ya faɗa mata take nunawa. Hanyar tabbatarwa ita ce cika shi gaba ɗaya a karanta: a kwamfuta manhajar H2testw tana yin haka kyauta, ta rubuta bayanai har katin ya cika sannan ta faɗi ainihin abin da ya riƙe. A yi gwajin tun katin yana fanko. Idan babu kwamfuta, ka loda masa manyan bidiyo har ya kusa cika, sannan ka buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Babban kati da aka karya wa farashi fiye da kima, ka bar shi inda ka gan shi.

Da ka saka katin, wasu wayoyin za su tambaye ka yadda za a yi amfani da shi: a matsayin ma'ajiyar da ake iya cirewa, ko a haɗa shi da ma'ajiyar cikin waya, tsarin da ya shigo da Android 6.0 a 2015. Ka zaɓi na farko. Na biyun yana kulle katin da wannan wayar kaɗai, idan ta faɗa ruwa ko aka yi mata fomat, duk abin da ke kai ya tafi, ko a kwamfuta ba zai buɗu ba.

Batir

Kunna waƙar da ke cikin waya da allo a kashe yana cikin ayyuka mafi sauƙi ga batir. Waya mai batir 5,000 mAh, wanda ya zama ruwan dare a masu araha, za ta wuni ta kwana tana kiɗa da iyafis mai igiya. Abin da ke shanye caji shi ne allo, lasifikar waya a ƙure, da kuma jawo waƙa ta intanet, musamman inda sabis ba shi da ƙarfi, domin wayar takan ƙara wuta tana neman hanya. Wanda yake jin waƙa ta bidiyon YouTube yana biya sau biyu, a caji da a data. Ko sauti zalla ne, awa ɗaya a kilobit 96 tana cin kimanin megabait 43, a 320 kuwa kusan 144.

Idan wayar ta hannu ce, wato wani ya riga ya yi amfani da ita, lambar da ke jikin kwali ba ta da sauran ma'ana. Ka kunna waƙa da lasifika na minti goma kana lura da yadda kaso yake sauka, ka kuma duba ko bayan wayar ya ɗago, alamar batir ya kumbura. Wannan kada ka saye ta ko da kyauta ce ta rage.

Wayar da ke kashe waƙa da kanta

Wannan ita ce matsalar da aka fi kuka da ita, kuma ba a ganin ta a takardar bayani. Kana tafiya, waƙa ta yi minti biyar ko goma, sai ta tsaya cak. Ka buɗe wayar ka ga manhajar ta rufe. Abu biyu ke jawo haka. Na farko ƙarancin RAM: waya mai gigabait 2, irin masu Android Go, wato Android ɗin da aka sauƙaƙa don ƙananan wayoyi, idan ka buɗe kamara ko burauza sai ta rufe abin da ke aiki a baya don ta sami wuri. Gigabait 3 shi ne mafi ƙaranci, 4 ya fi kwanciyar hankali. A lura da rubutun nan na 4+4 a jikin kwali. Lambar farko ce RAM na gaskiya, ta biyun aro ce daga ma'ajiya, kuma ba ta da saurin ta farko.

Na biyu shi ne tsarin tattalin batir da kamfanoni suke ƙarawa, wanda ke farautar duk manhajar da ke aiki allo a kashe. Gyaransa yana hannunka. Ka shiga saiti, ka nemo manhajar kiɗan a jerin manhajoji, ka buɗe sashen batir ɗinta, ka ba ta izinin aiki a baya ba tare da takura ba. Sannan ka buɗe jerin manhajojin da ka yi amfani da su kwanan nan, ka sa mata alamar kwaɗo idan wayar tana da wannan. Manhajojin da ke cewa suna share waya su ƙara mata gudu su ma suna kashe kiɗa, ka cire su.

Game da manhajar kunna waƙa, wadda ta zo da wayar sau da yawa cike take da talla. VLC kyauta ce kuma tana karanta kusan kowane irin fayil. Musicolet ba ta shiga intanet ko kaɗan, ba ta da talla, kuma tana bin folda yadda ka tsara. Poweramp ta kuɗi ce, amma tana da ma'aunin gyaran sauti mai kyau. Waƙoƙin da ka sauke a cikin Spotify ko makamantanta a kulle suke, a cikin manhajar kawai suke kunnuwa, ba za ka tura su wata waya ba. Spotify ma tana buƙatar ka hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya daina aiki.

Idan Bluetooth za ka fi amfani da shi

Lambar Bluetooth, ko 5.0 ko 5.3, ba ita ce ke nuna kyawun sauti ba. Hanyar matse sautin ce, kuma dole waya da iyafis su yi tarayya a kanta. SBC kowa yana da shi, AAC ma ya yaɗu. aptX na Qualcomm ne, LDAC kuma na Sony, wanda ya shiga Android tun daga 8.0 kuma yana kai kilobit 990. Idan wayarka tana da LDAC amma iyafis ɗinka SBC kaɗai ya sani, SBC za ka ji. A iyafis mai araha, yadda robar ta toshe kunne ya fi duk waɗannan tasiri: idan ta yi maka ƙanƙanta, nauyin kiɗan zai zube gaba ɗaya, shi ya sa ake sako roba girma uku a kwali. A ƙananan wayoyi masu madannai kuma ka tabbatar Bluetooth ɗin yana da A2DP, wato tsarin tura kiɗa zuwa iyafis, domin akwai wanda kira da tura fayil kawai yake yi.

Gwajin minti goma kafin ka biya

Ka je da iyafis ɗinka da katin da ka zuba wa waƙoƙi uku ko huɗu da ka sani sarai, ɗaya mai nauyin ganga, ɗaya mai murya zalla a hankali. Ka jona, ka dakatar da waƙar, ka saurari shirun. Idan kana jin wani huci siriri ko ƙara da ke sauyawa duk lokacin da ka taɓa allo, ɓangaren sautin wayar ba shi da tsabta, kuma da dare zai dame ka. Ka kunna waƙar ka murza kan iyafis a cikin ramin a hankali. Kada sauti ya yanke, kada kunne ɗaya ya ɗauke. Ka saurari matakin ƙara na ɗaya da na biyu, domin wasu wayoyin daga shiru sai su yi tsalle zuwa ƙara mai yawa, ba su da tsaka-tsaki. Ka jona caja waƙa tana tafiya: idan ƙugi ya shigo, yawanci laifin cajar ne, ka gwada wata kafin ka yanke wa wayar hukunci. Daga nan ka kashe allo ka bar ta tana kiɗa har ku gama ciniki, ka ga ko za ta tsaya.

Lasifikar jikin waya kada ta ruɗe ka. Mai sayarwa zai ƙure ta don ka ji tana da ƙara, amma ƙara daban, kyau daban. Ka saurare ta a kashi 70 cikin ɗari, ka ji ko murya tana fashewa. Lasifika biyu sun fi ɗaya, amma babu ƙaramar lasifikar waya da za ta ba ka nauyin ganga.

Bayan ta zo hannu

Ka buɗe folda ɗaya a katin don kiɗa, a cikinta kowane mawaƙi da tasa. Idan manhaja tana nuna waƙoƙi da yawa a matsayin na mawaƙin da ba a sani ba, bayanan da ke cikin fayil ɗin ne babu, ba sunan fayil ba, kuma Mp3tag a kwamfuta tana gyara ɗaruruwa a lokaci guda. Idan saƙonnin murya da sautin kira suna kutsowa tsakanin waƙoƙi, ka shiga saitin manhajar ka nuna mata foldar kiɗa kaɗai, ko ka sa ta tsallake duk fayil da bai kai daƙiƙa 60 ba. Ka ajiye kwafin komai a kwamfuta ko wani katin, domin katin memori ba ya ba da sanarwa kafin ya mutu.

Ramin iyafis yana tara ƙura da zaren aljihu. Alamarsa ita ce kan iyafis ya daina shiga har ƙarshe, ko wayar ta nace cewa akwai iyafis a jone alhali babu, lasifika ta yi shiru. Ka kashe wayar, ka sa siririn tsinken itace ka zaƙulo dattin a hankali. Kada ka sa allura ko wani ƙarfe, zai lanƙwasa 'yan ƙarafunan da ke ciki.

Sai kunnenka, wanda ba a sayar da sabonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, idan ƙarar ta kai 90 kuwa awa 4 kacal. Gargaɗin da waya take nunawa idan ka wuce wani mataki ba ado ba ne. Ka tsaya a wajen kashi 60 cikin ɗari. Idan hayaniyar waje ce take sa ka ƙara, ka sauya zuwa iyafis mai roba da ke toshe kunne sosai, za ka ji waƙar a sarari a matakin da bai kai wanda ka saba ba.